Hannu Da Ma'auni: Tarihin Maƙeran Fari Daga Durɓi Ta Kusheyi Zuwa Dubai

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san akwai shafin da kusan kowane littafi sai ya bi ta kansa, wato ranar da ake buɗe akwatunan lefe. A nan ne marubuci ke baje kolin abin da ya sani na kayan duniya, atamfa da leshi da shadda da takalma da jakunkuna, sannan a ƙarshe a ɗauko wani ɗan ƙaramin akwati, dangin amarya su yi tsit, a ce ga sarƙar gwal 'yar Dubai da 'yan kunnenta da zobe da warwaro shida. Mai karatu zai ji nauyinta, zai ji kuɗinta, zai ji yadda kishiya ta kwana ba ta runtsa ba saboda ita. Abin da ba zai taɓa ji ba shi ne wanda ya zauna ya ƙera ta. To, yau na ɗan jingine labari gefe guda, domin in yi magana a kan wannan mutum da ba a ambata, da yadda sana'arsa ta faro a ƙasar Hausa, da kuma yaran da suka fara komawa gare ta a wannan zamani ta wata ƙofar da ba ta gado ba.

Bahaushe ya raba ƙira gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, su ne masu fartanya da garma da lauje da gatari da mashi da takobi. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da zinariya da tagulla da jan ƙarfe, waɗanda daga hannunsu zobe da munduwa da warwaro da 'yan kunne da adon linzami ke fitowa. Na farkon su ne tarihi ya fi yi wa adalci. Kowane ɗan makaranta a Kano ya ji labarin Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama har suka yada zango a gindin Dala, wanda ma ake cewa daga sunan ɗaya daga cikinsu garin ya samo sunansa. Masu haƙar kayan tarihi sun tabbatar an narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Su ke da Sarkin Maƙera, su ake kaɗa wa dundufa, su ke wasa da wuta ranar biki, su ake kai wa wanda ya ƙone. Har wani Bature, Philip Jaggar, wanda daga baya ya zama farfesan Hausa a Landan, ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970 ya rubuta littafi sukutum a kansu, aka buga a 1994. Shi kuwa maƙerin fari yana can cikin zaure a zaune, ba kiɗa ba kirari mai ƙarfi, aikinsa da mata da dawakin sarakuna ne.

Akwai bambanci guda tsakaninsu da ya fi launin ƙarfe muhimmanci. Maƙerin baƙi a bayan garinsu yake samun tamarsa. Maƙerin fari kuwa, in ka ɗebe kuzar da ake narkawa a Riruwai da ɗan zinaren da ake tacewa a bakin rafuka, kusan duk abin da yake aiki da shi daga nesa yake zuwa, a kan raƙumi ko jaki. Hannun na gida ne, ƙarfen baƙo ne. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za mu ga yadda ta juye daga baya.

A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takedda, wanda masana ke danganta kufansa da Azelik da ke yammacin Agadas a Jamhuriyar Nijar ta yau. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe ana narkawa a gidaje, ana zuba shi sanduna-sanduna, masu kauri da sirara. Masu kaurin ana ba da 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, siraran kuwa 600 zuwa 700. Da su ake sayen nama da itace da gero, sannan ana loda su zuwa Gobir da Barno. Wato tun a wannan lokaci sandar da maƙeri zai lanƙwasa ya yi wa mace munduwa ita ce kuma kuɗin cefane. Can yamma kuma, a cikin hamadar Muritaniya, wani Bafaranshe mai suna Théodore Monod ya ci karo a 1964 da kayan wani ayari da aka binne ba a dawo an ɗauka ba, sandunan tagulla sama da 2,000 tare da wuri, sun yi shekara ɗari takwas ko fiye suna jiran masu su. Allah kaɗai Ya san amare nawa ne suka rasa adonsu a wannan tafiya.

Amma babbar shaida tana nan kusa da mu, a Durɓi Ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, tsakanin Katsina da Daura. Wasu tuddai ne da al'ada ta ce kaburburan sarakunan farko na Katsina ne. Razdan Palmer ya fara tona wasu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan a 1992 wasu masana tare da haɗin gwiwar Jamusawa suka tona guda uku. Kayan da aka samu an kai su birnin Mainz na ƙasar Jamus aka gyara, aka baje su a 2011. A ciki akwai 'yan kunne da zobe da abin wuya na zinariya, akwai mundaye na ƙarfe da na hauren giwa, akwai duwatsun ado da wuri, akwai kuma tasar tagulla mai zane wadda aka ƙera a ƙasashen Larabawa na gabas. An ƙiyasta shekarunsu tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 zuwa na 16. Duk lokacin da na tuna da wannan sai in ji wani iri. Muna rubuta labaran sarauta muna sa wa gimbiya alkyabba da lu'ulu'u irin na finafinan Indiya, alhali ga ainihin abin da masu mulkin ƙasar nan suka sa a kunne da wuya shekara ɗari shida da suka wuce, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin ko hotonsa ba.

Littafin tarihin Kano ya nuna yadda buƙatar aikin ƙarfe ta riƙa ƙaruwa a fada. Zamanin Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanyar Gwanja, hanyar goro, wadda kuma ta nan zinariyar ƙasar Ashanti ke gangarowa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, shi aka fara busa wa kakaki. Kakaki kuwa ba a sassaƙa shi, maƙeri ne ke buga tagulla ta yi falle, ya naɗe, ya haɗa gaɓa-gaɓa. Haka likkafa da linzami da adon goshin doki da kuben takobi. Idan ka kalli hawan sallah da idon basira, rabin ƙyalƙyalin da ke ɗaukar ido aikin mutumin nan ne na cikin zaure.

Sai kuma zamanin liyari. Wannan kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780, amma saboda yadda Larabawa da mutanen Habasha da na ƙasashenmu suka amince da shi, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ta 1780 ba a sauya ba. Nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Lokacin da Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin irin wannan kuɗi ɗaya a kan wuri 2,500. Ka ga ke nan mai liyari goma ya huta da ɗaukar buhun wuri. To amma liyari bai cika daɗewa yana yawo a kasuwa ba. Wani a huda shi a rataya wa yarinya a wuya, wani a liƙa masa zobe a sa a yatsa, mafi yawa kuwa a kai wa maƙeri ya narka.

A nan ne asalin al'adar da ta zame wa maƙerin fari rufin asiri, ta kuma zame masa ƙaya. Mace a ƙasar Hausa ba don kwalliya kaɗai take tara ƙarfe ba. Munduwarta ita ce asusunta. Dukiya ce da miji ba shi da iko a kanta, ba ta mutuwa kamar akuya, gara ba ta ci kamar zane, kuma ranar da aure ya mutu a hannunta za ta fita da ita. In fari ya zo, ko ɗa ya kwanta ciwo, ko za a aurar da 'ya, sai a cire ɗaya a kai kasuwa. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ba ta ɗora zakka a kan adon da mace ke sawa ba, sannan mafi ƙarancin sadaki da zinariya aka auna shi, rubu'in dinari. Saboda haka mai kawo aiki da liyarinta biyar take zuwa, a auna a gabanta, ranar karɓa kuma a sake aunawa. Abin da ya dame ta shi ne kada nauyi ya ragu, kada a surka mata da dalma. Kyan zane yana biyo baya. In an tashi sayarwa kuwa ma'auni ne ke magana, kwana bakwan da maƙeri ya yi yana murza waya kamar gashi ba ya hawa sikeli.

Wannan matsala ba a kanmu ta fara ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin wani maƙerin zinariya da ya bi Abdullahi ɗan Umar yana tambaya ko ya halatta ya sayar da abin da ya ƙera da zinariyar da ta fi shi nauyi, don ya fitar da ladan hannunsa, aka hana shi, domin zinariya da zinariya sai daidai wa daida. Bayanin hukuncin na malamai ne, kuma ladan aiki a kan ƙarfen da mai shi ya kawo wani babi ne daban. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun zamanin sahabbai maƙerin fari ke neman inda zai ajiye kuɗin wahalarsa.

Duk da haka sun yi aiki na ban mamaki da kayan aiki 'yan kaɗan: uwar maƙera ƙarama, masaba, awartaki, hantsaki, magagari, zuga-zugin fatar akuya, gawayi, da ɗan kaskon yumɓu na narki. Idan abu mai siffa ake so, sai a fara gina shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da aka samu, don haka kowane zubi tilo ne, ba shi da tagwai. Mu masu sana'ar kalmomi ma akwai bashin maƙera a kanmu. Kalmar sinadari da yau muke cewa sinadarin girki, sinadarin soyayya, a bakinsu aka fi saninta da farko, ita ce abin da suke sawa don ƙarfe ya kama ɗan'uwansa.

Zuwan Turawa ya taɓa gidajen ƙira biyun, amma ba iri ɗaya ba. An ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma cikin 'yan shekaru tarkacen ƙarfen reluwe da na mota suka kashe narkar tama, domin babu mai wahalar kwana a gindin wuta alhali ga ƙarfe a yashe. Shi kuwa maƙerin fari da farko kakarsa ce ta yanke saƙa. Sule da fataka da sisi da taro da hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fara bugawa a 1913 na azurfa ne mai kyau, kuɗin gyaɗa kuma ya shigo hannun talaka, don haka sulalla da yawa a kasko suka ƙare. Daga 1920, bayan azurfa ta yi tsada a duniya, aka koma buga su da wani gaurayen tagulla, wannan rijiya ta ƙafe. Shi ma anini mai huda a tsakiya, wanda aka fara bugawa da sanholo a 1907, 'yan mata sun mayar da shi abin ado a kitso da wuya.

Abin da ya karya sana'ar a ganina shi ne ranar da ƙerarren kaya ya fara zuwa a maimakon ɗanyen ƙarfe. Kwanon samira ya kori tasa daga jeren amarya. Sarƙoƙin inji masu araha suka cika tebura. Bayan an koma naira a 1973, kuɗin mai da na Udoji suka zo, jirgin sama ya mayar da aikin hajji tafiyar sa'o'i, alhazai suka riƙa dawowa da haƙorin Makka da sarƙar Saudiyya. Daga baya Dubai ta karɓe kasuwar. Uwar da ta gaji mundayen azurfa sai ta ga sun zama kayan ƙauye, ta sayar ta cika ta sayi gwal. 'Ya'yan maƙera da yawa suka watse, wasu suka koma zubin tukwane da ludayin sanholo, wasu walda, wasu gyaran sarƙar da ta tsinke da wankin gwal, wasu kuma suka zama dillalan abin da kakanninsu ke ƙerawa.

Ana cikin wannan hali ne wani sabon abu ya ɓullo, wanda shi ya sa ni wannan rubutu. Ƙira a da gado ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaro yana fara wa ubansa zuga tun yana shekara shida ko bakwai, ya shekara yana kallo kafin a bar shi ya riƙe masaba, kuma mace ba ta zama a maƙera. Yanzu kuwa akwai yaran da ba su haɗa komai da maƙera ba, maza da mata, da suke koyon aikin a makarantun fasaha da kuma ta bidiyon intanet. Ɗaya daga cikinsu 'yar wana ce, ba ta kai shekara ashirin da biyu ba, tana karatun zane da ƙere-ƙere a wata kwaleji. Gidanmu malamai ne da 'yan kasuwa, ko maƙwabtaka da maƙera ba mu yi ba. Ranar da ta ce ƙarfe za ta karanta, kakarta cewa ta yi wa zai auri mace mai hannu kamar na ɗan garuwa.

Teburinta a lungun tsakar gida yake. Ba ta da zuga-zugi, wata 'yar tukunyar gas ce mai bakin wuta, da zarto mai siririn haƙori kamar zare, da wani farantin ƙarfe mai huda-huda da take jan waya ta ciki har ta sirance. Azurfa ta fi ƙarfin aljihun ɗaliba, saboda haka wajen masu gyaran fanka da janareto take zuwa ta sayi ƙonannen kwayil, ta warware jan ƙarfen da ke ciki. Tsofaffin cokula da makullan tagulla ma ba ta raina su. Na zauna na ga yadda ake yi. Ƙarfe in an daɗe ana bugunsa sai ya yi tauri ya nemi tsagewa, dole a mayar da shi wuta ya yi ja, a tsoma a ruwa, sannan ya yi laushi a ci gaba. Ta ce mini, "Gwaggo, a makaranta an ba mu lamba, azurfa tana narkewa a 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Amma Baba da nake zuwa wajensa launin wutar kawai yake kallo."

Wannan Baban wani dattijo ne maƙerin fari a cikin birni, wanda da farko ya ƙi sauraronta, ya ce shi bai taɓa koya wa wanda ba jininsa ba, balle mace. Sai da mahaifinta ya je da kansa ya gaishe shi, sannan ya yarda ta riƙa zama daga bakin ƙofa. 'Ya'yansa maza huɗu, babu wanda ya zauna a maƙerar. Shi ya nuna mata wanke azurfa da lemun tsami da alif, da yadda ake dasa ƙananan ƙwayoyi a kan zobe ba tare da sun narke sun haɗe ba. Ita kuma ta zo da abin da shi bai saba ba. Takan zana abu a takarda kafin ta taɓa ƙarfe. Ta yi 'yan kunne da siffar dagi, ta yi abin wuya da ta kwaikwayo daga zanen bangon gidajen cikin birni, ta yi wani zobe mai faɗi da ta huda shi da irin aska takwas ta gaban babbar riga. A bayan kowanne kuma tana buga wata 'yar alama tata. Dattijon ya yi dariya da ya gani, ya ce shi shekara hamsin yana aiki bai taɓa sa suna a kan ƙarfen mutane ba.

Dariyar tasa tana da tushe, domin ƙarfen na mutane ne, shi hannu kawai ya ba da aro. Ita kuwa so take a sayi hannun. Kuma a nan take karo da tsohon ma'aunin nan. Ta kwana uku a kan abin wuya na jan ƙarfe, ta sa hotonsa a Instagram, tambayar farko da mata ke yi ita ce, gwal ne? In ta ce a'a, sai a ce giram nawa ne, in na tashi sayarwa nawa za a saya? Matar da ba za ta yi ciniki a kan ɗinkin leshi ba, wanda shi ma in an sa sau biyu ya zama gwanjo, ita ce za ta taya aikin kwana uku a kuɗin waya. Ban ga laifinsu sosai ba, abin da suka gada ke nan tun daga Takedda. Masu saye ba gardama galibi 'yan makaranta ne irinta, da wasu da ke zaune a ƙasashen waje masu son abin da za a gani a tambaye su daga ina.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane wannan hanya. Maƙeran Buzaye na Agadas, waɗanda ake kira Inadan, su ma da liyari suka yi aiki, amma sun riƙe siffofinsu har duniya ta san su da su. Abin wuyan nan da Faransawa suka sa wa suna kuros ɗin Agadas yana da 'yan'uwa, an tsara su 21, kowanne da sunan gari, irin su Tawa da Damagaram da Ingal da Bilma. Gidan tarihi na Yamai da aka buɗe a 1959 ya ware wa masu sana'ar hannu wurin zama suna aiki baƙi na kallo suna saye. Da 'yan yawon buɗe ido suka yawaita, maƙeran suka koyi buga sunansu da rubutun Tifinag a bayan kaya, suka riƙa zuwa Faransa da Amurka da jakunkunansu, har kamfanin Hermès na Faris ya ba su aiki. Sai dai dogaro da baƙo yana da nasa haɗari, domin tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya sun kore masu sayen, ko da yake an sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Bidda ma masu tagulla da masu narka kwalba na Masaga sun riƙe nasu, har UNESCO ta sa garin cikin biranen sana'ar hannu a 2021.

Yanzu mu koma kan maganar da na ce a riƙe. A da ƙarfe baƙo ne, hannu na gida. Yau zinariya a ƙasarmu take fitowa, a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna, da Jado a arewacin Nijar inda aka yi rububinta daga 2014. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalmar da ke cikin dutsen da ake daka a tsakar gida don fitar da zinariya, yara aƙalla 400 suka rasu. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai ƙarshen 2024. Wata ƙungiya ta ƙasar Siwizalan mai suna Swissaid ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinariya aƙalla tan 435 daga Afirka, mafi yawanta zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A can ake tace ta, a ƙera, sannan 'yan kasuwarmu su hau jirgi su sayo, su biya kuɗin aikin da muke ƙyashin biyan namu. Ba mamaki sarƙar da ke cikin ɗan ƙaramin akwatin lefen nan daga ramin Bagega ta fito, ta je ta yi dawafi ta dawo da sunan wani gari.

A 2025 farashin oza ɗaya na zinariya, wato giram 31, ya haura dala 4,000 a kasuwar duniya, abin da ya sa iyaye da yawa suka haƙura da gwal a lefe suka koma kan na roba da ruwan gwal, wanda wata uku ya isa ya koɗe ya bar wa yarinya ƙaiƙayi a wuya. Tsakanin gwal ɗin da ba ya sayuwa da wannan na yayi akwai fili babba, kuma a cikinsa ne azurfa da tagulla da jan ƙarfe na hannu za su iya zama, in masu haɗa lefe sun yarda su duba.

Tsadar tana da wani ɓangaren kuma da ba a cika lura da shi ba. Duk lokacin da ƙarfe ya yi daraja, tsofaffin kaya ne ke fara shiga wuta. Har yanzu ana kawo mundaye da zobba na kakanni daga ƙauyuka, musamman daga wuraren da rashin tsaro ya tayar, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin nauyi, kafin la'asar sun zama dunƙule. Shi ya sa aikin maƙeran farinmu na da ya yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da yawan abin da suka ƙera, domin munduwa ɗaya tana iya zama an narka ta sau biyar a cikin shekara ɗari, kowace uwa da irin yayin zamaninta. Na Durɓi Ta Kusheyi sun kawo yau ne saboda ƙasa ta rufe su, ba wanda ya samu damar kai su sikeli. Dattijon da na ambata yana da wani tsohon gwangwanin madara da yake jefa duk abin da ya ga aikinsa ya yi kyau da yawa, ya biya mai shi daga aljihunsa maimakon ya narka. An ce mini yanzu ya kusa cika, kuma yakan zazzage shi a kan tabarma ya ce wa ɗalibar ta zana su ɗaya bayan ɗaya a littafinta.

A nan zan dakata. In Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.